Na-Tukunya a Jikin Bango

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Na manta lambar motata ta farko, na manta rabin Zabarmancin da na iya, jiya ma sai da na birkita ɗaki ina neman tabarau alhali yana kan hancina. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar walimar auren autata ba, ranar da kwamfuta ta tsare ni a bakin shinge, a cikin falona, a gaban surukaina.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san daga inda na faɗo. A shekarun da kuɗin fetur suka fara kwararowa ƙasar nan, ni tafinta ne a kan iyakar Jibiya, can Magama inda shingen yake. Ina jin Faransanci, ina jin Turanci, Larabcina na kasuwa ne amma yana kai ni masauki, ga ɗan Yarbanci na sayen abinci. Manyan motoci sukan yi layi daga bakin shinge har inda ido ya gaji, ɗauke da fulawa da atamfa da rediyo da siminti. Direba ya taso daga Ikko ba ya jin jandarma, jandarma ba ya jin direba, sai a ce a kira Tafinta. Ni kuwa in fito da wandona mai faɗin ƙafa, da gashi tuli guda, da takalmi mai tudu, in gaida wannan da yarensa, in ba wancan goro, kafin a jima an ɗaga ƙarfen shinge.

Daga baya na yi yawon duniya, na ga kowane shinge da halinsa. Wanda Faransawa suka koya wa aiki yana son hatimi, wanda Ingilishi suka koya wa yana son takarda uku iri ɗaya. A Jidda ba a kallon fuskarka. A Hartum sai an ba ka shayi tukuna a ce ba za ka wuce ba. Duk na wuce su. Na sha faɗa a majalisa cewa ba a taɓa rufe mini ƙofa ta zauna a rufe ba. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.)

To, a waɗancan shekarun kowa yana canza wani abu. Mai keke ya koma babur, mai babur ya koma Fijo. Ni ma sai na canza garin haihuwa. In aka tambaye ni, sai in ce birnin Katsina. Makaranta fa? Wata babba a birni, mai ɗakunan kwana. Sunan yarinta? Ɗan Malam, saboda natsuwa. In danginmu na ƙauyen Riko suka zo gidana suka tarar da baƙi, sai in ce, "Mutanen wajen gonarmu ne." Ban ɗauke ta ƙarya ba, na ɗauke ta kamar guga da ake yi wa riga. Na auri 'yar birni da wannan gugar, na haifi 'ya'ya da ita, na yi fiye da shekara arba'in ina sanye da ita.

A lokacin nan na sayi kyamara, na ɗauki hotuna cike da akwati. Da na tsufa sai na kai su Maraɗi, na sayi kwamfuta 'yar tafi-da-gidanka, mai shagon ya kwafe su duka ya zuba mini a ciki. Allah ne ya sa na yi haka, don damina biyu bayan nan gara ta shiga akwatin ta cinye komai. A cikin hotunan akwai guda ɗaya na Inna, mahaifiyata. Shi kaɗai ne hotonta a duniya, kuma ba ya ko'ina sai cikin wannan kwamfutar.

Ranar da na saye ta, mai shagon ya ce in zaɓi kalmar sirri, sannan in amsa wasu tambayoyi uku. Ya ce in na manta kalmar, da su za ta gane ni ne mai ita. Ya juya baya don kada ya gani. Na yi tunani irin na tsohon ma'aikacin iyaka: na ga mutane da yawa sun yi ƙarya a bakin shinge, aka sake tambayarsu bayan awa guda suka manta abin da suka ce. Kuma inji ba ya zuwa majalisa, ba shi da aboki. Sai na gaya mata gaskiya, duka ukun. Kalmar sirrin kuwa na rubuta a 'yar takarda na soke cikin naɗin hulata, inda muke ajiye muhimman takardu tun zamanin shinge.

Angon autata jikan Shef Mamman ne, tsohon jandarma na ɓangaren Ɗan Isa, tsallaken iyaka, wanda muka yi shekaru muna kallon juna ta kan ƙarfe. Tun da aka sa rana nake shelar cewa bayan ɗaurin aure zan nuna wa dangi hotunan zamaninmu a jikin bango. Na ɗauko Sale mai majigi, magidanci mai haƙuri, wanda ke haska wa mutane biki a Jibiya. Bayan azahar aka ja labule, aka tada janareta. Maza suka cika gaba, mata suka cika baya har bakin ƙofa. Hajiya matata tana gefe, kusa da ita yayata, Yaya Dije, wadda aka ɗauko daga Riko tun da safe. Shef yana kan kujerar tsakiya da sandarsa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani. Kwamfutar ta taɓa faɗowa daga kan kabad, gilashinta ya mutu. Tana aiki, amma ba a ganin komai sai an jona ta da majigi. Wato duk abin da ni zan gani, bango ne zai nuna mini, ni da mutum saba'in.

Sale ya jona, bango ya yi haske, wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri. Na yi murmushi, na cire hula, na zura yatsa cikin naɗinta. Babu komai. Na zagaya da yatsa sau biyu. Hular tana ƙamshin sitaci, ta miƙe kamar sabuwa.

"Hajiya, hular nan..."

"Na ba mai wankin hula shekaranjiya. Da wannan dauɗar za ka aurar da ɗiya?"

Na ce madalla. Na mayar da hula, na gyara zama, na ce wa jama'a abu ne mai sauƙi. Na buga sunan autata. Ta ƙi. Na buga sunan Hajiya (na ɗaga murya na faɗa, don in ci riba ko ta wani gefen). Ta ƙi. Na buga Magama, na buga Fijo, na buga wata kalmar Faransanci da nake so. Duk abin da na buga ɗigo-ɗigo yake fitowa, ba mai ganin haruffa, sai dai kowa yana ganin ta girgiza ta ce a'a.

Shef ya buga sanda a ƙasa, ya kira ni da Mushe, wato malam a Faransancinsu. "Mushe Tafinta, mi ya faru? Odinatar ɗin ga, kwamfutar taka, ba ta jin Hausa?"

"Tana ji, Shef. Gaisawa muke."

"To ba ta goro mana."

Falo ya ɗauki dariya, ni ma na yi, har na fi kowa. Sale ya sunkuyo ya ce a hankali, "Baba Alhaji, ga wurin da ake dannawa in an manta. Tambayoyi uku za ta yi maka, shi ke nan."

Nan take na tuna shagon Maraɗi, na tuna abin da na gaya mata. Gumi ya tsatso mini a ƙarƙashin hula. Na ce wa Sale wannan hanyar ta yara ce. Na ce na taɓa ganin wani ɗan Indiya a Dubai ya shiga kwamfuta ta ƙofar baya, ba tambaya ba amsa.

"Akwai wajen gyara," in ji Sale. "Amma Baba Alhaji..."

"Kai mu can."

Ya kashe ta, ya riƙe wani maɓalli, ya kunna. Bango ya koma shuɗi, da wasu manyan akwatuna. Sai jikina ya dawo. Na miƙe tsaye, na karɓi sandar Shef ina nuna bango kamar malamin makaranta. Na ce wa jama'a, kowace iyaka tana da hanyar daji. Akwai ta mota, akwai ta jaki. Wannan shuɗin da kuke gani, hanyar jaki ce. Masu gyara suka yi wa kansu ita, don in ƙofar gaba ta ƙi su zagaya. Na kawo misali da Kwatano, na kawo misali da Agadas. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Allah ya ƙara ilimi." Na ce amin da ƙarfi.

Muka shiga akwati na farko, muka shiga na cikinsa, muka ƙara shiga wani. Ina ta bayani. Sai ga sunana ya fito a tsakiyar shuɗin, a ƙarƙashinsa ɗan akwatin nan na ɗazu, yana neman kalmar sirri.

Shef ya yi dariya har sai da jikansa ango ya dafa masa baya. "Haka muke yi! In mun ga mutum ya bi daji, sai mu zagaya mu zauna mashi a bakin rafi. Ya fito da jakinshi ya same mu muna shan shayi."

Na ce wa Sale a gwada wata hanyar. Ya koma baya, ya nuna mini wani akwati. Ya ce wannan ba ya tambayar kowa komai, yana buɗewa.

"To me muke jira?"

"Sharewa yake yi, Baba Alhaji. Komai da komai. Za ta buɗe kamar yau aka saye ta. Hoto ko ɗaya ba zai rage ba."

Zan gaya muku gaskiya, tunda yau ranar gaskiya ce. Na kalli akwatin nan, kuma na yi lissafinsa. Na ce a raina, in na danna, sai in ce wa mutane inji ya lalace, a kawo abinci, kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba. Birnin Katsina ya tsira, Ɗan Malam ya tsira. Har yatsana ya tashi. Sai muryar Yaya Dije ta taso daga gefe.

"Kai, yaron ga." (Shekarata saba'in da ɗoriya.) "An ce mani akwai hoton Inna. Don shi na hau mota da ciwon ƙafa. Yaushe za ya fito?"

Na sauke yatsa. Na ce wa Sale mu koma ƙofar gaba.

Tambayoyin suka fito, uku a jere, kowace da akwatinta. A wane gari aka haife ka? Wace makaranta ka fara shiga? Mene ne sunanka na yarinta? Sai wata dabara ta zo mini: wa ya sani, ƙila injin ya manta, shekara biyar ba kwana biyar ba ce. Na buga Katsina. Ashe babu ɗigo-ɗigo a nan. Haruffa ne ɓaro-ɓaro, kowane ya kai tafin hannu. Na daure na buga sunan babbar makarantar. Na buga Ɗan Malam. Surukai suna gyaɗa kai cikin girmamawa. Na danna.

Ta ce amsoshin ba daidai ba ne.

Wani malami daga Maraɗi ya karanta wa na kusa da shi, na kusa da shi ya juya ya gaya wa mata. Na ji maganar tana tafiya baya kamar ana miƙa kwano. Na ce injinan Faransawa haka suke, ba su san garuruwanmu ba. Na sake bugawa, na ƙara "birnin" a gaba. Ta sake ƙi.

Na duba ƙofa. Ba a cewa surukai su fita waje a ranar aure, ko wuta ce ta kama sai an roƙe su da ladabi. Na ce wa Sale ya zare majigin. Ya ce in ya zare, ba za mu san inda muke ba, ƙila ma ta koma farko. Sai idona ya faɗa kan ɗan gilashin da hasken ke fitowa. Na cire hulata, hular da ta jawo duk wannan, na kifa ta a bakin majigin. Bango ya yi duhu.

"Sirri ne," na ce wa jama'a. "Ko a banki haka ake yi."

"Baba Alhaji, wurin nan yana zafi fa," in ji Sale.

"Nuna mini maɓallin da ke tsallakawa akwati na gaba, ka juya baya."

Na fara bugawa da yatsa ɗaya, ina laluben haruffa, tabarau yana zamewa saboda gumi. Na gama ta farko, na tsallaka. Na gama ta biyu, doguwa ce, na tsallaka. Ina tsakiyar ta uku sai na ji wani ƙauri. Na ɗauka daga kicin ne. Na buga harafin ƙarshe, sai Hajiya ta ce, da murya irin ta mai tambayar ƙarfe nawa, "Alhaji, hularka tana hayaƙi."

Hula ce ta gaske, aikin hannu, da na saya tun ina da ƙarfi. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Na fizge ta.

Bangon falona fari ne, na sa an sake masa fenti saboda bikin. A kansa, tsaf, ga layi uku.

Shef Mamman ya miƙe da ƙyar, ya gyara tabarau, ya karanta da muryar da yake karanta fasfo shekara arba'in da suka wuce, yana tsayawa bayan kowane layi.

"Garin haihuwa: Riko."

Surukai suka dubi juna.

"Lakwal ta farko: yaƙi da jahilci, gindin tsamiya."

Wani ya yi tari.

"Sunan yarinta." Ya matsa kusa da bango. "Na-Tukunya."

Yaya Dije ce ta fara. Ta yi wata irin dariya mai shiɗewa, ta kama hannun Hajiya, zanenta na zamewa daga ka. Da ta samu numfashi sai ta juya wajen surukai, ba wanda ya tambaye ta, ta ce, "Yana shekara huɗu ya tura kai cikin tukunyar tuwo yana cin ƙanzo. Kai ya shiga, ya ƙi fita. Ya riƙa yawo tsakar gida da tukunya yana karo da rumbu, awaki suna gudu. Sai da Baba ya fasa ta da ƙotar fartanya. Inna ta yi kwana uku ba ta yi mashi magana ba, tukunyar aurenta ce."

Falo ya fashe. Ango ya sunkuyar da kai yana girgiza, yana ƙoƙarin girmama surukinsa, abin ya fi ƙarfinsa. Malamin Maraɗi ya rufe fuska da rawani. Mutanen Riko, "mutanen wajen gonarmu", suna bakin ƙofa suna tafa hannu da juna. Ni kuwa ina tsaye da hula mai ƙonannen goshi a hannu, kaina a buɗe, kan nan da ya taɓa shiga tukunya, kowa yana auna girmansa da ido.

Sale ya ce, "Baba Alhaji, ba ka danna ba."

Na danna. Ta buɗe nan take, ba gardama, kamar jandarman da aka miƙa wa takarda mai kyau. Ta ce in zaɓi sabuwar kalma. Hajiya ta taso ta buga da kanta, ta ce daga yau ita ce hular da za ta riƙe mini ita.

Na juya wajenta, murya ƙasa-ƙasa, na fara cewa akwai bayanin da ya kamata in yi mata tun tuni. Ta dube ni kamar na ce mata rana tana fitowa daga gabas.

"Alhaji, tun kafin a kawo kayan aurena babana ya aika Riko aka bincika. Har labarin tukunyar aka kawo mashi."

"Kin sani?"

"Yara ma sun sani."

Shef ya dafa kafaɗata. "Ni na buga wa takardarka hatimi ranar da ka fara ƙetarewa. Riko aka rubuta. Ka ce mani Katsina, na ce to. Mutum mai irin wancan wandon naka, ai ba a ƙaryata shi."

Shekara arba'in ke nan garin Jibiya da rabin Maraɗi suna ɗaga mini ƙarfe, ni kuwa ina zaton iya magana ce.

Sale ya buɗe hotunan. Ba na Magama ne ya fara fitowa ba, ba na Fijo ba. Inna ce, tsaye gaban rumbunmu na Riko, ta riƙe ludayi, ta ɗaure fuska saboda ba ta yarda da kyamara ba. A gefenta wani dogon saurayi da gashi tuli guda, ƙafar wandonsa ta share rabin tsakar gida, kaza tana leƙen takalminsa. Dariyar ta lafa. Yaya Dije ta tashi ba sanda, ta taka har jikin bango, inuwarta ta rufe saurayin ta bar Inna. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, ba ta juyo ba, "Na-Tukunya, bar mani shi haka tukuna."

Na ce, "To, Yaya." Sunan bai yi mini nauyi ba ko kaɗan.

Washegari Sale ya kwafe hotunan wuri uku, ya wanko na Inna babba aka kai Riko. Hular tana nan, ina sa ta in juya ƙunar baya. Jikokina sun samu abin da suke nema, in na shigo gida sai in ji ana ɓoye tukwane da ƙarfi don in ji.

Abin da na koya kuwa, ba mai yawa ba ne. In za ka yi wa kanka guga, ka sani mutane suna ganin lanƙwasar, kunya ce ta sa suka yi shiru. In kuma za ka gaya wa inji gaskiya, ka fara gaya wa matarka, don ita ba ta haska ta a bango. Yanzu in aka tambaye ni garinmu, Riko nake cewa tun kafin a rufe baki. Tukunyar ce dai har yau nake jira sai an tambaya.